Ƙungiyar gida na rarrafe, mu muna gidan kallo

Ranar Asabar 22 ga watan Maris na 1980, wani tsohon malamin makaranta ɗan garin Shagari ya miƙa wa 'yan ƙwallon Najeriya kofin da ƙasar ba ta taɓa ɗauka ba. Alhaji Shehu Shagari ne, lokacin yana shugaban ƙasa, a babban filin wasa na Legas. A ranar ce Green Eagles ta lallasa Aljeriya da ci 3-0 a wasan ƙarshe na Gasar Kofin Afirka. Segun Odegbami ya ci biyu, Muda Lawal ya ci ɗaya, kyaftin Christian Chukwu ya ɗaga kofin. Daga baya gwamnati ta ba 'yan wasan gidaje da motoci.

Abin da ya kamata ɗalibi ya lura da shi a wannan labari shi ne, kusan duk waɗannan 'yan wasa a gida suke taka leda. Chukwu ɗan Enugu Rangers ne, Odegbami da Lawal kuwa 'yan Shooting Stars ta Ibadan. Wanda ya ga bajintarsu a Legas zai iya zuwa filin garinsu mako mai zuwa ya gan su ido da ido.

Yau idan ka ratsa Horo Birni ko Boɗinga ko Shagari da yammacin Asabar, ƙarar janareta ce za ta nuna maka inda samari suke. Gidan kallo ya cika, wannan da rigar Chelsea, wancan da ta Barcelona, ana musu kamar za a ba hammata iska. Yaron aji biyu na ƙaramar sakandare zai lissafa maka 'yan wasan Arsenal goma sha ɗaya har da na benci. Ka ce ya faɗi sunan mai tsaron ragar Sokoto United, sai ya yi shiru yana kallon ƙasa. Ƙannena, wannan shirun ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Yadda Masu Gida suka faɗi

Idan ana maganar ƙwallon ƙafa a Arewa, Kano Pillars ce kan gaba. An kafa ta a 1990, kuma ta ɗauki kofin gasar Firimiyar Najeriya sau huɗu: a 2008, sannan sau uku a jere a 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga Gasar Zakarun Afirka, alhali Al Ahly ce ke riƙe da kofin a lokacin. Pillars ta kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta Owerri ta tare ta. Ta shafe kimanin shekara 12 ba a doke ta a gida ba a gasar ƙasa, sai a 2015 Nasarawa United ta karya wannan tarihi. Kirarin "Sai Masu Gida" bai zo a banza ba.

A Pillars ne Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, ya fi kowa a gasar, kafin ya tafi Turai. Shi ne daga baya ya zura wa Ajantina biyu a Gasar Kofin Duniya ta 2014, ya kuma zura wa Iceland biyu a ta 2018. A 2019 ƙungiyar ta ɗauki Kofin Ƙalubale a Kaduna bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun fenariti.

Shekara uku bayan wannan kofi, a Yulin 2022, Pillars ta faɗo daga gasar Firimiya zuwa rukuni na biyu. Katsina United da Heartland da MFM ta Legas suka yi mata rakiya. Rashin cin wasa yana cikin dalilan faɗuwar, amma akwai wani dalilin da ya fito daga wajen fili. A watan Afrilun shekarar, a wasa da Katsina United a filin Sani Abacha, wasu 'yan kallo sun tayar da yamutsi har aka farfasa motar baƙi. Hukumar gasar ta ci Pillars tara, ta zaftare mata maki, ta kuma raba ta da filinta. Makin da 'yan wasa suka zubar da gumi suka tara, masu cewa suna ƙaunar ƙungiyar ne suka zubar da shi cikin 'yan mintoci.

Pillars ta koma gasar Firimiya a 2023, kuma Ahmed Musa ya sake dawo mata a 2024. Duk da haka faɗuwar ta nuna wa kowa cewa yawan kofuna a kabad ba ya hana ƙungiya zamewa.

Tamu ta Sakkwato fa?

Ƙwallon ƙwararru a Najeriya hawa-hawa ne. A sama akwai gasar Firimiya, wadda ake kira NPFL, mai ƙungiyoyi 20. Ƙarƙashinta akwai NNL, rukuni na biyu. Ƙasa da ita kuma akwai NLO, inda ƙananan ƙungiyoyi ke fafutuka. Duk ƙarshen kaka huɗun da suka zo ƙasan teburin Firimiya suna sauka, wasu huɗu su hau.

Sokoto United, wadda gidanta shi ne filin wasa na Giginya a cikin birnin Sakkwato, ta daɗe tana fama a rukuni na biyu. A 2024 ta kai zagayen ƙarshe na ƙungiyoyi takwas da aka buga a Enugu, inda ake zaɓar masu hawa sama, amma ba ta samu shiga cikin huɗun farko ba. A cikinmu mutum nawa ne ma ya san an yi wannan zagaye? Daga Boɗinga zuwa Giginya tafiya ce ta ƙasa da awa ɗaya a mota, amma da yawanmu mun fi sanin fasalin filin Old Trafford da ke Ingila.

Wani zai ce ai laifin ƙungiyar ne, tunda ba ta cin kofi wa zai bi ta? Wannan magana tana da kama, sai dai tana zagayawa ne ta dawo inda ta fara. Ƙungiyar da babu 'yan kallo ba ta da kuɗin ƙofa, kamfani ba zai manna sunansa a rigarta ba, gidan rediyo ba zai ɓata lokaci a kanta ba. Idan babu kuɗi, gwanayen 'yan wasa su tafi inda ake biya. Idan suka tafi, wasa ya lalace, sauran 'yan kallon ma su watse.

Abin da ke kayar da ƙungiyoyinmu

Mafi yawan manyan ƙungiyoyin Najeriya mallakar gwamnatocin jihohi ne. Albashin ɗan wasa da kuɗin mota da na masauki duk daga baitulmalin jiha suke fitowa. Idan gwamnati mai sha'awar wasanni ta zo, ƙungiya ta farfaɗo. Idan ta tafi, ko aka sauya shugabannin ƙungiya saboda siyasa, sai a koma 'yar gidan jiya. Ƙorafin 'yan wasa kan bashin albashi da alawus abu ne da ake ji kusan kowace kaka a sassan ƙasar nan.

Sai kuma hanya. Ƙungiyoyi da yawa a mota suke zuwa wasan waje. Daga Sakkwato zuwa Maiduguri ya haura kilomita 1,000, kuma ana son ɗan wasa ya sauka daga bas ya buga minti 90. Ga haɗarin hanyar kanta: a watan Maris na 2015 'yan bindiga sun buɗe wa motar Kano Pillars wuta tana kan hanyar zuwa Owerri, 'yan wasa biyar suka ji rauni.

Na uku shi ne rashin yarda da gasar. Mutane da yawa sun ɗauka cewa mai gida ba ya faɗuwa a gidansa, ko ta halin ƙaƙa. Idan ɗan kallo ya riga ya san sakamako kafin a busa usur, me zai kai shi fili? Sakamakon duk wannan a bayyane yake. A tarihin Gasar Zakarun Afirka ƙungiyar Najeriya ɗaya ce tak ta taɓa ɗaukar kofin, wato Enyimba ta Aba, a 2003 da 2004.

Akwai wata hanyar kuma da ta fara nuna kanta. Remo Stars ta garin Ikenne a Jihar Ogun ba ta gwamnati ba ce. Mai ita ya gina fili da makarantar horar da yara, aka yi ta reno a hankali, kuma a 2025 ta ɗauki kofin Firimiya karon farko.

Darasin ƙwallon gora daga Pakistan

Wani zai ce Najeriya ba za ta taɓa rasa 'yan ƙwallo ba, don haka ko ƙungiyoyin gida sun mutu Super Eagles na nan. Mai wannan tunani ya dubi Pakistan.

A can, wasan ƙasa shi ne ƙwallon gora, wato hoki. Mutum goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare kamar ƙwallon ƙafa, sai dai da sanda mai lanƙwasasshen baki ake kora 'yar ƙaramar ƙwallo mai tauri zuwa raga. An kafa ƙasar Pakistan a 1947, kuma hoki na cikin abubuwan farko da suka sa duniya ta san sunanta. A Gasar Olamfik ta 1960 a birnin Rum ta doke Indiya da ci 1-0 ta ɗauki lambar zinare. Ta sake ɗauka a 1968 da 1984. Kofin Duniya na hoki kuwa sau huɗu ta ɗauke shi: 1971 da 1978 da 1982 da 1994.

A wancan zamani kamfanin jiragen saman ƙasar da bankuna da hukumar kwastan duk suna da ƙungiyoyin hoki. Yaron da ya iya wasa a makaranta ya san akwai aikin yi da albashi a gabansa. Daga baya abubuwa suka sauya. Tun daga Olamfik ta 1976 a Montreal aka koma buga manyan gasa a kan ciyawar roba, wadda ke da tsada kuma take sa ƙwallo gudu fiye da fili na ƙasa. Ƙasashen Turai da Ostireliya suka shimfiɗa irin waɗannan filaye da yawa, yaran Pakistan kuwa suka ci gaba da koyo a kan ƙasa da ciyawa. Hukumomin da ke ɗaukar 'yan wasa aiki suka rage ɗauka, makarantu suka yi sakaci, samari suka karkata ga wasan kurket, musamman bayan ƙasar ta ci Kofin Duniya na kurket a 1992.

Ba a ga illar nan take ba, domin tsofaffin gwanaye na nan suna riƙe da tuta. Da suka yi ritaya sai ramin ya bayyana. Pakistan ba ta samu zuwa Kofin Duniya na 2014 ba, haka ma na 2023. Ba ta je Olamfik ta 2016 ba, ba ta je ta Tokyo ba, ba ta je ta Faris a 2024 ba. A 2019 ta janye daga wata babbar gasar duniya saboda rashin kuɗin tafiya. Har yau hoki ne wasan ƙasa a hukumance, kuma katafaren filin hoki na Lahore yana nan tsaye, amma yaran unguwa kurket suke bugawa.

Indiya da Kanada

Maƙwabciyarta Indiya ta faɗa irin wannan rami. Ƙasar da ta ci zinare takwas a hokin Olamfik, na ƙarshe a 1980, ta kasa samun gurbi a gasar 2008 a Beijing, ta kuma zo ta ƙarshe a ta 2012 a Landan. Daga nan aka koma tushe. Jihar Odisha, wadda yaran ƙauyukanta suka daɗe suna buga hoki, ta ɗauki nauyin ƙungiyoyin ƙasa na maza da na mata tun 2018, ta shimfiɗa filayen roba a yankunan karkara, ta karɓi baƙuncin Kofin Duniya a 2018 da 2023. A watan Agustan 2021 Indiya ta doke Jamus da ci 5-4 a Tokyo ta samu tagulla, lambarta ta farko cikin shekara 41. Ta sake samun tagulla a Faris a 2024. Jiha ɗaya ce ta ja gaba a wannan aiki, kuma daga ƙauye ta fara.

A Kanada wani nau'in hoki ake yi, na kan ƙanƙara, kuma tun 1994 doka ta ayyana shi a matsayin wasan ƙasa na lokacin hunturu. Ƙungiyar Toronto Maple Leafs ta ɗauki babban kofin wasan sau 13, amma rabonta da shi tun 1967. Akwai magoya bayanta da suka yi jikoki ba su taɓa ganin ta ɗaga kofi ba. Ana yi musu ba'a, su ma suna yi wa kansu, amma duk ranar wasa zauren a cike yake, kuma ƙungiyar na cikin mafiya arziki a gasar. Yara a can suna tasowa ne a ƙananan ƙungiyoyin unguwa da na gari, iyaye na kai su atisaye da asuba cikin tsananin sanyi. Shi ya sa rashin kofin ƙungiya ɗaya bai kashe wasan ba.

Mu ma muna da hoki a Najeriya, ko da yake ba kowa ya sani ba. Akwai Kada Stars da Kada Queens a Kaduna, akwai Niger Flickers a Minna. A Janairun 2022 ƙungiyar maza ta ƙasa ta zo ta uku a Gasar Kofin Afirka a Accra. Labarin bai kai gidajen kallonmu ba.

Leƙa maƙwabta

Ba sai mun je Asiya ba. Daga Illela ka tsallaka Ƙonni ka shiga Jamhuriyar Nijar, inda kokawa ce sarauniyar wasanni. Tun 1975 suka fara gasar ƙasa a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya zama gwarzo na farko. Jihohi takwas na ƙasar kowacce tana turo 'yan kokawa goma, ana zagayawa da gasar daga jiha zuwa jiha, wanda ya yi nasara a ba shi takobi. Idan ana gasar, rediyo da talabijin na ƙasa suna watsa ta kai tsaye, kasuwa ta yi tsit, kowa ya kasa kunne. Sunan Isaka Isaka na Doso, wanda ya ɗauki takobin sau da dama, ya shiga har ƙauyukanmu na wannan ɓangaren iyaka.

Kokawar nan irin wadda kakanninmu ke yi ce a dandali bayan an kai amfanin gona gida, da kalangu da kirari. Su sun yi mata tsari da doka da kyauta, suka mayar da ita abin alfaharin ƙasa. Mu ƙasar Sakkwato muna da kokawa da dambe da langa, amma makaranta nawa ce ke sa langa a ranar wasannin gidaje?

Me Super Eagles ke ci daga gida?

A Fabrairun 2013 Najeriya ta ɗauki Kofin Afirka karo na uku a Johannesburg. Ƙwallo ɗaya aka ci a wasan ƙarshe da Burkina Faso, kuma Sunday Mba ne ya ci ta, ɗan wasan da ke buga gasar gida a lokacin. Marigayi koci Stephen Keshi ya sha suka da ya tafi da 'yan gida, amma su suka fitar da shi kunya. Ƙungiyarmu ta 'yan ƙasa da shekara 17 ta ɗauki Kofin Duniya sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, kuma yaran da suka ciwo shi daga filayen unguwa da makarantu da ƙananan ƙungiyoyi aka zaƙulo su.

Ranar da Najeriya ke wasa, Bahaushe da Bayarabe da Inyamuri benci ɗaya suke zama, addu'a ɗaya suke yi. Abubuwan da ke haɗa mu haka ba su da yawa. A watan Maris na 2022 Ghana ta hana mu zuwa Kofin Duniya a gaban jama'armu a Abuja, kuma kowa ya ji zafin. Wannan ƙauna tana buƙatar inda za ta riƙa samun sababbin 'yan wasa, kuma wurin shi ne ƙungiyoyi irin su Sokoto United. Yaron Horo Birni mai ƙafar hagu mai kyau ba zai tashi daga filin makarantarsu ya faɗa Real Madrid ba. Sai ya bi ta gasar makarantu, ta ƙaramar hukuma, ta Giginya. Idan tsanin ya karye a tsakiya, nan ne 'yan damfara masu kiran kansu wakilai ke samun ƙofa, su karɓi kuɗin gonar uba da sunan kai yaro Turai.

Abin da ke hannun ɗalibi

Babu wanda ya ce ka daina son Barcelona, ni ma ina da tawa. Albashin 'yan wasa da gyaran fili kuwa aikin hukuma ne. Amma akwai abin da ɗan sakandare zai iya.

Ka nemi sanin ranar da Sokoto United ke wasa da wadda za ta kara da ita, ko ta rediyo ko ta wayar yayanka. Idan ka shiga birni da izinin iyaye a ranar wasa, ka je Giginya ka sayi tikiti. Idan ka shiga, ka riƙe hannunka da bakinka ko da alƙalin wasa ya ɓata maka rai, domin ka ga abin da jifa ya jawo wa Pillars.

A makaranta, ku haɗu ku je wurin malamin wasanni cikin ladabi ku nemi a riƙa shirya wasa tsakanin makarantun Boɗinga da Shagari da Yabo kowane zango, a kuma sa langa da tsere a ciki, har da ɓangaren 'yan mata a makarantunsu. Ku ware littafi guda ku riƙa rubuta sakamako da sunayen waɗanda suka ci, domin mai neman gwani yana fara tambayar abin da aka rubuta ne. Mai sha'awar aikin jarida ya rubuta rahoton wasan ya aiko wa wannan shafi. Ku kuma kare filin makarantarku, kada a mayar da shi juji ko wurin ajiye motoci.

Kai kuma mai burin zama ɗan ƙwallo, ka riƙe littafinka da hannu biyu. Rayuwar ɗan wasa a fili gajeriya ce, rauni ɗaya na iya kawo ƙarshenta, kuma ƙungiyoyinmu na buƙatar likitoci da akantoci da lauyoyi da masu horarwa da suka yi karatu kamar yadda suke buƙatar mai cin ƙwallo. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya kai ka gwaji ƙasar waje, ka kai maganar gaban mahaifinka da malaminka kafin ka ba shi ko sisi.

Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya kuma nuna mana ranar da za a buga wasan Firimiya a Giginya da ɗan Horo Birni a cikin fili.